"Baba, Mun Kusa?": Haƙƙin Yaro a Kan Hanya

Akwai wata tambaya wadda duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya da ƙananan yara ya san ta, ko da mota aka yi tafiyar, ko da jirgin ƙasa, ko kuwa a bayan jaki. Da zarar gidajen gari sun ƙare, daji ya soma, sai a ji wata 'yar murya daga baya tana cewa, "Baba, mun kusa?" In an ba ta amsa ta yi shiru, kafin a wuce ƙauye biyu ta sake ɗagowa da tambayar nan dai. Manya kan ɗauki wannan a matsayin fitinar ƙuruciya kurum, wani ya amsa da wasa, wani da tsawa, wani kuma da 'yar ƙaryar da yake ganin ba ta da laifi. Ni kuwa a ganina, a duk sha'anin tafiya babu tambayar da ta kai ta nauyi, domin da ita za a iya auna kowace irin tafiya a gane matsayinta. Abin da wannan ɗan rubutu zai duba shi ne: mene ne haƙƙin yaro a kan wanda ya ɗora shi bisa hanya, kuma idan wannan mutum ya kasa biya, a kan wa bashin yake komawa?

Gida mai ƙafar roba

Bari mu fara da tafiyar da ta fi kowace daɗi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota wadda aka ƙera cikinta kamar ɗaki, da gado, da murhu, da firji, da makewayi, da tankin ruwa. Tun a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya soma shirya kayan da ake mai da ƙananan bas na Volkswagen wurin kwana da su, sa'an nan a 1966 kamfanin Winnebago na jihar Iowa ta Amurka ya fara fitar da manyan motocin da sunansa ya yi fice da su. Magidanci kan ɗauki hutu, ya kwashi iyalinsa, su yi mako biyu ko wata guda suna yawo, inda dare ya yi musu nan ne gida. Akwai ma waɗanda kan cire 'ya'yansu daga makaranta na shekara guda cur, suna koyar da su a cikin motar, suna cewa duniya ita ce babbar makaranta.

Da ganin farko, mai karatu zai ce wannan ai sha'anin masu hali ne, babu ruwanmu da shi. To, amma ina roƙon a dakata, domin ko a cikin wannan jin daɗi akwai matsalar da ta shafe mu duka. Uban ne ya shimfiɗa taswira, uwar ce ta ƙirga guzuri, su biyu suka yanke shawara. Yaron da aka ɗaure da ɗamara a kujerar baya bai zaɓi hanya ba, bai zaɓi rana ba, bai zaɓi rabuwa da abokan wasansa da kakarsa ba. Hausa ma ta bambanta mana abin: babba shi ke tafiya, yaro kuwa tafiya da shi ake yi. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa tafiya wahala ce, shi ya sa aka yi wa matafiyi rangwamen kasaru da jinkirta azumi. To, idan babban da ya fita da ƙafarsa bisa son ransa ya cancanci rangwame, ina ga wanda aka ɗauko yana barci aka sa a mota?

Ba za a iya kare irin wannan tafiya da cewa yaron ya yarda ba, domin yardar ɗan shekara huɗu ba ta wuce ta alewa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara ta nemi a riƙa sauraron ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, ta kuma sa maslaharsa a gaba cikin duk abin da ya shafe shi. Kalmar da muka gada ta fi wannan gajarta, wato amana. Wanda ya ɗauki yaro ya bar gida da shi, ya karɓi amanar wanda ba ya iya ƙi, ba ya iya komawa da kansa, ba ya iya kai ƙara. Abin da kawai ya rage masa shi ne tambayar nan tasa. Idan aka tona cikinta za a tarar da tambayoyi uku: Ka san inda za mu? In na gaji za mu tsaya? Akwai wurin da ake jiranmu? Mai mota mai ɗaki yana iya amsa duka ukun da gaskiya. Wannan, fiye da gado da firji, shi ne ainihin arzikinsa.

Takarkari da burtali

Mu a nan Adamawa ba baƙi ba ne ga gida mai tafiya. Tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, makiyaya suke hawa da sauka a wannan ƙasa da garkunansu. Da rani su gangaro kwarin Binuwai neman ruwa da ɗanyar ciyawa, da damina su hau tudu su guje wa ambaliya da ƙudan tsando. A ɗora tabarmi da ƙoruka da sandunan bukka a kan takarkari ko jaki, a ɗora ƙaramin yaro a saman kayan, jinjiri yana goye, jinjirin maraƙi yana saɓe a kafaɗar saurayi. Kafin la'asar an sauka, mata sun kafa bukka, an tatsi nono, gida ya tsaya.

Wahalar wannan tafiya ta ninka ta mai mota sau da yawa, amma idan aka auna ta da tambayoyin nan uku, ba ta faɗi ba. Uban ya san burtalin, domin ta nan ubansa ya bi da shi. Ayarin yana tafiya ne daidai ƙarfin mafi rauni a cikinsa, tun da ba a iya kora saniya mai ciki da gudu. Mashekarin bara kuma yana nan, kowa ya san itacen da ake sauka a gindinsa. Matsala ta taso ne a lokacin da gonaki da gine-gine suka cinye burtali, makiyayi ya zama shi ma bai san inda zai kwana ba, da kuma lokacin da rayuwa ta fara neman takardar makaranta daga hannun yaron da bai taɓa zama a aji ba. Farfesa Jibril Aminu, ɗan Song, ya tsaya a kan batun ilmin 'ya'yan makiyaya sa'ad da yake Ministan Ilmi, har aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa a 1989. Duk abin da za a ce game da nasarar shirin ko gazawarsa, kafa hukumar kansa amincewa ce da wata ƙa'ida babba: haƙƙin yaro yana bin sa duk inda aka tafi da shi, kuma ba a wuyan ubansa kaɗai yake ba.

Hanyar Malkohi

Yanzu sai tafiya ta uku, wadda har yau sawunta bai goge ba a bakin garin Yola. A watan Agusta na 2014 Gwoza da Madagali suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, a Satumba Michika ta bi, ranar 29 ga Oktoba kuma Mubi, gari na biyu a girma a jihar nan, ta faɗi. Jama'a suka watse. Wasu suka haye duwatsun Mandara suka shiga Kamaru, wasu suka nufo kudu ta Hong da Gombi da Song da Girei, tazarar kimanin kilomita 200 daga Mubi, har suka ƙetare gadar Binuwai suka shigo Jimeta. Wani a ƙafa, wani a babur da mutum biyar, wani a bayan akori-kura. Mafi yawansu gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka sauka, ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum goma. Sauran aka tara su a makarantu da masallatai da majami'u da sansanoni, ciki har da na Malkohi da ke ƙaramar hukumar Yola ta Kudu.

A farkon watan Mayu na 2015 aka kawo Malkohi mata da yara 275 waɗanda sojoji suka kuɓutar daga dajin Sambisa, mafi yawansu yara ne, bayan tafiyar kwana uku a bayan buɗaɗɗun motoci. Mai karatu ya daure ya sa kansa a matsayin uwar da ke zaune a bayan irin wannan mota, rana tana dukan ta, ɗanta ya ɗago kai ya ce, "Inna, mun kusa?" Me za ta ce? Ba ta san sunan inda za a kai su ba, ba ta da ikon cewa direba ya tsaya, gidan da ta sani kuwa ƙila toka ne. Ko bayan an iso, isowar ba ta tabbata ba, domin ranar 11 ga Satumba na wannan shekara bam ya tashi a cikin wani tanti a sansanin, ya kashe aƙalla mutum bakwai. Bambancin tafiya da gudu ke nan. Matafiyi yana da amsa ko da hanya ta yi tsawo, mai gudu kuwa ba shi da ita ko da mota ta tsaya.

Kada a ɗauka cewa irin abin hawan ne ya raba tafiye-tafiyen nan. A cikin littafin John Steinbeck na 1939, The Grapes of Wrath, iyalin Joad sun ɗora komatsansu da yaransu da tsofaffinsu a kan tsohuwar mota daga Oklahoma zuwa Kalifoniya bayan fari da bashi sun raba su da gona. Haka kuma littafin Jessica Bruder na 2017, Nomadland, ya ba da labarin Amurkawa, galibi dattawa, waɗanda karayar tattalin arziki ta 2008 ta mai da motocinsu gidajensu. Motar da wani ke shaƙatawa a cikinta, ita ce wani ke ɓoye talaucinsa a cikinta. Abin dubawa shi ne ko akwai ƙofar da mutum zai koma ya buɗe da makullinsa.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce, ai tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi; idan aka ce sai tafiya ta zama mai sauƙi kafin a ɗauki yaro, to za a tashi 'ya'yan da ba su san komai ba sai zauren gidansu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ce wahala kanta laifi ba ce. Hasali ma, mota mai ɗaki tana da nata aibin ta wannan fuska. Mai ita kamar kunkuru yake, yana yawo da ƙoƙon bayansa, ba ya buƙatar sallama a ƙofar kowa. Yaronsa zai ga duwatsu da koguna ta gilashi, amma da wuya ya koyi zama baƙo, wato ya ci tuwon da bai saba da shi ba ya gode, ya kwana a tabarmar wani ya san an yi masa alheri. Fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro sun fi shi samun wannan ilmi, domin kowane zango yana da fatomansa, kuma yaron ayari yakan tashi da sanin cewa rayuwarsa tana rataye da mutuncin mutanen da bai taɓa gani ba. Sai dai ilmin tafiya yana shiga ne a zuciyar da ta natsu. Yaron da ya tabbata akwai mai amsa masa, shi ke da sararin kallon hanya. Wanda tsoro ya cika wa ciki ba abin da yake koya sai tsoron.

Wani kuma zai ce, to ashe ana ɗora wa iyayen da suka gudo laifi ke nan, tun da sun kasa amsa wa 'ya'yansu? Ko kusa. Uwar da ta goya ɗaya, ta ja ɗaya, ta bi daji da dare, ta biya amana da abin da ya fi amsa tsada. Abubakar Tafawa Balewa ya zana mana irin wannan uwa a cikin Shaihu Umar, inda aka sace yaro, ya ƙetare Sahara a hannun wani Balarabe, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai a ƙarshen kwananta. Mai karanta littafin ba ya zargin uwar. Zargi yana kan zamanin da ya mai da yaro kaya. Abin da nake cewa shi ne, rashin ikon iyaye ba ya shafe bashin, sai dai ya sauya wanda ake bi. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma wannan magana ba a lokacin aike kaɗai take aiki ba.

Akwai kuma yaron da ba shi da ma wanda zai yi wa tambayar. A da, almajiri yakan fita cin rani tare da malaminsa, wanda ke tsaye a matsayin uba, kuma kowa ya san in damina ta faɗi za a koma gona. Wannan tafiya ce mai amsa. Amma a 2020, lokacin annobar korona, mun ga yadda gwamnatocin jihohin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu na asali, wata jiha tana turawa, wata tana ƙorafi. Neman karatun Alƙur'ani abu ne mai daraja, kuma darajar tasa ce ta sa ya kamata mu ji kunyar ganin ɗan shekara bakwai a cikin mota, babu uba, babu malami, babu wanda ya san sunan unguwarsu.

A kan wa bashin yake?

Jaririn da aka shigo da shi Malkohi a goye a 2014, yau ya haura shekara goma. Sojoji sun ƙwato Mubi a Nuwamba na 2014, suka ƙwato Gwoza a Maris na 2015, wasu iyalai suka koma, wasu kuwa suka zauna a ƙauyen Malkohi da kewayensa, suka yi ginin ƙasa, suna noma a gonakin aro ko na haya. Yaron nan bai san wata kasuwa ba sai ta Yola da Jimeta, bai san wani kogi ba sai Binuwai. Amma ranar da zai nemi gurbin karatu ko tallafin karatu ko aikin gwamnati, za a tambaye shi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma bisa tsarin da muke kai, asalin mutum na ubansa ne. Wato a idon takarda, shi ɗan garin da bai taɓa gani ba ne, baƙo ne kuma a garin da ya yi rarrafe. Mota ta tsaya tun shekaru, amma ofis bai yarda an iso ba.

Wannan ne ya sa batun ya shafe mu kai tsaye, mu malamai da ɗalibai da ma'aikatan jami'a, domin irin waɗannan takardu ta teburanmu suke bi, kuma daga cikin ɗalibanmu ne za a sami masu riƙe ofisoshin gobe. Mutanen Yola da Jimeta sun riga sun nuna cewa sun san haƙƙin baƙo a lokacin da suka buɗe ƙofofinsu a 2014. Cocin Katolika na Yola, a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, bayan ya sauki ɗimbin jama'a a harabar majami'ar Saint Theresa da ke Jimeta, ya gina gidaje 86 a Sangere-Marghi waɗanda aka buɗe a 2021, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Sai dai saukar baƙo na dare uku da karɓar mutum a matsayin ɗan gari ba ɗaya ba ne. Na farko karamci ne, ana yabon mai yin sa. Na biyu adalci ne, ana bin wanda ya ƙi yin sa bashi.

Saboda haka, wanda zai kwashi 'ya'yansa zuwa Kano ko Sakkwato hutun Salla, ya tuna cewa amana ya ɗauko. Ya gaya musu gaskiyar nisan hanya, ya tsaya in sun gaji ko da zai makara, kada ya yi gudun da zai sa ransu a hannun sa'a. Wanda zai tura ɗansa neman ilmi, ya san hannun da zai miƙa shi, ya kuma san ranar da zai je ya gan shi. Wanda kuma Allah Ya zaunar da shi a gidansa lafiya, ya sani cewa akwai rabin amsar da ba ta hannun uban yaro, tana hannun mai masauki. Uba iyakarsa ya ce, "Mun kusa." Mutanen gari ne kaɗai ke iya cewa, "Jaɓɓama, kun iso," su kuma tabbatar da maganar a makaranta da gona da takarda. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.